Rasuwar Dada, Motar da Ta Fito da Mu Daga Mubi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma a ƙarƙashinsa, ni Absalom, malamin firamare mai ritaya da ke zaune a Damilu, a madadin matata Keturah da 'yarmu Debbie, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarmu mai shan dizal, wadda kowa ya sani da suna Dada. Ta yi numfashinta na ƙarshe ranar Talata da hantsi a tsakar gidanmu, tana da shekara talatin da tara a duniya, ashirin da biyu a hannuna. Gara in faɗa da bakina kafin a ji a bakin wasu: ba da kanta ta mutu ba. Ni na zare makullin, domin likita ya ce ƙirjin Keturah ba zai ƙara ɗaukar hayaƙinta ba.

Marigayiyar 'yar Kwatano ce, doguwa, mai kujera takwas, ruwan ƙasa a da, daga baya kuma Allah kaɗai ya san launinta. Ba ta da kyau, ban taɓa cewa tana da shi ba. Amma tana da haƙuri da ƙanƙan da ciki. Man da motar fetur za ta shanye kafin Numan, shi Dada za ta lallaɓa ta je ta dawo, har da saura. Da safe sai ta yi tari sau uku, kuf, kuf, kuf, sannan ta kama, gud-gud-gud-gud, har kwanukan kicin su amsa mata. Ko a cikin motoci ɗari na ji wannan murya zan gane ta.

A ƙarshen Oktoba na 2014 ina koyarwa a Mubi, ranar da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga. Ba zan ba da labarin ranar ba, waɗanda suka gani sun sani. Abin da zan faɗa shi ne gidajen mai a rufe suke, rabin tanki kawai gare mu, mu goma sha tara ne kuma a motar mutum takwas, har da biyu a kan rufi. Mun bi daji, mun ɓulla Gombi, mun wuce Song. A hanya mun ga motoci masu kyau, sababbi fil, a tsaye babu mai, masu su sun ci gaba da ƙafa. Ita ko, injinta bai yi gardama ba. Da muka hau gadar Jimeta, wata tsohuwa Bafulatana da muka ɗauka a bakin hanya, wadda har yau ban san sunanta ba, ta shafa jikin ƙofa ta ce da motar Dada, wato uwa a Fillanci. Sunan ya zauna tun daga nan.

Ciwon ajalinta ma daga wannan rana ya fara, sai dai ba a jikinta ya fara nunawa ba. Tunda muka sami gida a Damilu ban taɓa ajiye Dada yadda mutane suke ajiye mota ba. Kullum da baya nake shigar da ita, hancinta na kallon ƙofar gida, tanki a cike, don in abu ya sake faruwa mu fita ba sai an juya ba. Kowace safiya kuma sai na tayar da ita, ko ba ni da inda za ni, in bar ta tana aiki rabin awa, in tabbata tana nan da ranta. Gidan ƙarami ne. In hancin mota yana ƙofa, salansa, wato bututun hayaƙi, tana daidai tagar kicin. Wannan rabin awar ita ce lokacin da Keturah take dama kunu. Shekara goma sha ɗaya ana haka.

Da tari ya kama Keturah na ce hayaƙin itace ne, na sayo mata murhun gas. Tari bai tafi ba, na ce zafin Yola ne. Da ta fara tsayawa ta huta tsakanin ɗaki da famfo, na ce girma ne, ai ni ma gwiwa ta fara ba ni labari. Malamin makaranta ne ni, wanda ya koyar da yara tsabtar iska shekara talatin, amma abin da ke bakin tagata ban gani ba.

Debbie ce ta gani. Ilimin muhalli ta karanta a jami'a, lokacin tana zaune a Sangere. Ranar da muka dawo da uwarta daga asibiti, ta kama hannuna ta kai ni bayan kicin, ta goga yatsa a jikin ragar taga, ta nuna mini. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Ta ce, “Baba, rabon da a hura itace a gidan nan shekara shida. Wannan daga ina?” Na yi mata musu, na ce Dada ba ta kai motar fetur shan mai ba, yaya za a ce ita ce mai ɓarna? Ta ce gaskiyata ta nan ɓangaren: mai shan kaɗan, iskar da take ƙara wa duniya zafi ba ta kai ta mai shan da yawa ba. Amma tsohon injin dizal yana fesa baƙin gari mai laushi da ido ba ya gani sosai, shi ne yake shiga huhu ya zauna, ba ya fita. Ta ce duniya tana da faɗi, ƙirjin Mama kuwa ba shi da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Keturah ta daɗe da sani. Na tambaye ta me ya hana ta magana, ta ce ita ma in ta ji motar ta tashi da safe hankalinta yana kwanciya, ta san akwai abin gudu. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yan'uwa da dama a unguwa. Akwai motar maƙwabcina Jibrilla, wadda aka haifa tana shan fetur, daga baya aka mayar da ita mai iskar gas. Hayaƙinta kaɗan ne ƙwarai, sai dai tukunyar gas ɗin ta cinye rabin but, wurin zuba kaya, kuma samun inda za a cika ta aiki ne. Akwai ƙaramar motar fasto mai haɗa fetur da batir, wadda in ta shigo layi sai ka ga kaji sun watse kafin ka ji ta. Akwai keken lantarki guda biyu da ke jigila zuwa babbar kasuwa, ba su da salansa ko ta nuni, ko da yake ranar da babu wuta da janareton dizal ake cajinsu, hayaƙin ya tashi a bayan gidan wani. Babu mai tsarki a cikinsu gaba ɗaya, in ji Debbie, amma ko wanne ya fi Dada tausayin huhun mutum. Na yarda. Ina dai roƙonsu kada su yi mata dariya, ba a taɓa gwada su da ranar da aka gwada ta ba.

Ina godiya ga Apollos makanike, wanda ya yi jinyarta shekara da shekaru. Da ya ji labari ya zo a guje yana cewa, “Baba, motan nan bai mutu ba, ringin inji ne kawai, a canza.” Ya kawo mini Hamajoɗa mai injin niƙa, wanda yake so a cire masa injin ya ɗora a shagonsa. Na je na ga shagon. Ɗaki ne mai taga ɗaya, mata a layi da robobin masara, wasu da goyo a baya. Na ba Hamajoɗa haƙuri. Bai ji daɗi ba, Apollos ma har yanzu gaisuwarsa ta yi gajarta, amma Dada za ta tafi da zuciyarta a cikinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, daga gidanmu zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke ƙarshen layi na uku. Apollos zai fasa injin da guduma a gaban shaidu, don kada wani ya tashe shi bayan mun juya. Masu zuwa da mota su ajiye ta a bakin titi su ƙaraso da ƙafa. Ba za a tayar da marigayiyar ba ko na minti ɗaya, komai roƙon masu son jin muryarta. Da hannu za a tura ta, don haka ana buƙatar maza masu ƙarfi kamar shida. Jibrilla zai riƙe sitiyari.

Keturah ta nemi a bar ta ta zauna a kujerar gaba, gilashi a sauke, likita kuma ya amince tunda injin a kashe yake. Ni ina cikin masu turi. Kada kowa ya karɓe ni ko ya ga na gaji. Wurina yana baya ta hannun hagu, daidai bakin salansa, inda na tsayar da matata shekara goma sha ɗaya.