Rasuwar Mai Ƙwarya, Jar Fitilar Motar Malam Abdulsamad

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da suka rasa abin kamawa, ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gusau da Tsafe da Bungudu rasuwar 'yar jar fitilar nan ta jakar iska, wadda ta yi zamanta a gaban sitiyarin motar Malam Abdulsamad, tsohon ma'aikacin gona. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a hannun wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ba tare da ta yi sallama da kowa ba.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan ne cikin motar tun daga Kwatano. Hoton da ke jikinta na wani ɗan mutum ne zaune da wani abu kewayayye a gabansa, shi ya sa Hajiya Wasila, matar gidan, ta laƙaba mata Mai Ƙwarya, sunan kuma ya bi ta. A zamanin ƙuruciyarta ladabi gare ta. Da an murɗa makulli sai ta kama, ta yi gaisuwarta, "tin, tin, tin," sannan ta ja jiki ta yi shiru. Ma'anar gaisuwar ita ce ta duba jakar iskar da ke naɗe cikin sitiyari, wadda ke buɗewa ta tare ƙirjin direba ranar hatsari, ta kuma same ta lafiya.

Wata damina ce, bayan motar ta faɗa rami a hanyar Wonaka, Mai Ƙwarya ta kama ta ƙi mutuwa. Tun daga ranar ta tsaya kan maganarta cewa akwai ciwo a wani wuri. An shaide ta da gaskiya, irin gaskiyar da ba a so. Ba ta taɓa duba fuskar mai gida ta sassauta ba, ko ranar Sallah.

Malam Abdulsamad bai yi sakaci da jinya ba, wannan kam kowa shaida ne. A Gusau an ce soket ɗin ƙarƙashin kujera ne ya saki, aka fito da ƙwallon goruba da tsohon silifas daga wurin, aka matse soket, ta huta yini guda ta dawo. A Tsafe an ce wayar da ke naɗe cikin sitiyari ce ta tsinke, aka sauya, hon ya daina kuka, ita kuwa tana nan ja wur. An kai ta wurin mai kwamfuta, ya jona na'urarsa, ya daɗe yana kallo, daga ƙarshe ya ce motar ta girmi na'urar, ba sa jin yaren juna. Wani ya ba da shawarar a liƙe ta da baƙin salatif, ido ya huta. Malam ya ce shi ba ya toshe bakin mai faɗa masa gaskiya.

A nan ne ya kamata a ambaci Muzdalifa, 'yar autarsa, wadda ta samu aikin jinya a Bungudu, take kuma shan wahalar motar haya kullum. Ta iya tuƙi, ta fi ubanta natsuwa a kan titi. Da ta nemi motar, Malam ya yi alkawari a gaban uwarta da kawunta Alhaji Idris cewa ranar da aka gyara, fitilar ta daina nuna ja, makulli nata ne. Har ga Allah ba wayo ya yi ba. Tsoro yake ji, don ya san abin da hanyar nan take yi wa mutane.

Kawu Idris ne ya samo mai wayarin na ƙarshe, wani da ake cewa hannunsa ba ya faɗuwa ƙasa. Kafin Malam ya gama shan fura a inuwa, aka ce ya zo ya gani. Gaban sitiyari baƙi ƙirin, babu ja ko ɗigo. Gida ya ɗauki murna, Hajiya Wasila har da rabon ƙosai. Sai washegari da safe Malam ya murɗa makulli ya jira gaisuwa, bai ji ba. Ya kashe, ya sake murɗawa. Fitilar batir ta kama, ta mai ta kama, gurbin Mai Ƙwarya shiru. Mai lafiya takan gaisa kafin ta kwanta, wannan kuwa ko motsi. Da ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, sai ga ɗan ƙwanta a yashe kamar ƙwayar gero. Ashe zare ta aka yi, aka kuma ƙone hanyar wutarta wajen zarewa, har sabon ƙwai ma ya ƙi kamawa.

Ya kai gawar tsakar gida a tafin hannunsa. Hajiya ta ce shi dai ba ya rasa dalili. Kawu Idris ya ce mai gyara ya rantse, kuma dattijo ba ya magana biyu. Muzdalifa ta dubi takalmanta da suka cinye a tasha, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Ya koma wurin duk wanda ya san waya a garuruwan nan uku, kowa ya faɗa masa abu ɗaya: yanzu hanya guda ce ta rage ta sanin ko jakar za ta buɗe, kuma babu uban da zai so 'yarsa ce ta gwada.

Marigayiyar ta bar ƙanwarta fitilar batir, da fitilar mai, da allurar fetur wadda ta daɗe a kwance ba ta tashi. Ta bar jakar iska marainiya, ba mai jin lafiyarta. Ta bar dattijo guda da ya ba da maganarsa, ba ya iya janyewa, ba ya iya runtsawa.

Za a sanya ta cikin kwalin ashana, a rufe ta gindin darbejiyar ƙofar gida ranar Litinin da sassafe, daidai lokacin da za a miƙa wa Muzdalifa makulli. Masu zuwa ta'aziyya za su tarar da Malam a tsaye bakin titi, ana roƙon kada a taya shi murnar gyara. Iyalin ba sa karɓar gudummawar hatsi ko ta goro. Roƙonsu ɗaya ne ga direbobin tirela da na tanka da masu gudun sassafe tsakanin Gusau da Bungudu: in kun hango tsohuwar mota ruwan toka, da yarinya cikin fararen kayan asibiti riƙe da sitiyari da hannu biyu, don girman Allah ku ba ta hanya.