Rasuwar Gwaggo, Tsohuwar Na'urar Hoton Ƙwaƙwalwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni ma'aikacin ɗakin hoto nake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta asibitinmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara muna aiki tare.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Wanda ya faɗo daga babur, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, duk a gadonta ake fara shimfiɗa su. Ta yi "wuuuu", ta yi "ƙyas", cikin minti biyar ta nuna inda jini ya taru. Ba ta taɓa sa an toshe wa majinyaci kunne ba.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da aka kawo sabuwar na'ura mai maganaɗisu. Bango guda aka fasa don ta shiga. Aka ba ta na'urar sanyaya ɗaki har biyu, alhali shekara da shekaru ina roƙar wa Gwaggo ɗaya. Likitocin da a da suke leƙowa suna "Baba, a taimaka mana", yanzu ko sannu babu. Wai waccan tana ganin jijiya mai sirin gashi. To, ta gani mana! Rabin awa tana ƙwanƙwasa wa mutum kai kamar maƙera.

Gaskiya ɗaya ce ba zan binne ba. Sau uku na kwantar da uwar 'ya'yana a gadon Gwaggo saboda farfaɗiya, Gwaggo ta ce lafiya lau. Waccan, kallo ɗaya, ta gano wani ƙari kamar ƙwayar wake. An yi wa uwar 'ya'yan nawa aiki, ta warke sarai, na kuma gode wa Allah. Amma dole ne duk safiya ta ce min, "Ka gaishe min da sabuwar"?

Marigayiyar ta bar ni, da rigar dalma biyu da ake sawa don kare jiki daga hasken na'ura, da kujera mai ƙafa uku.

Za a kwance ta ranar Alhamis da ƙarfe goma, a fitar da ita ta ƙofar baya. Ana karɓar gaisuwa a ɗakinta, amma a hanzarta, domin ƙarfe sha biyu masu fenti za su shigo. An mayar da ɗakin wurin zaman masu jiran layin waccan, ni kuma an ce ni zan riƙa kiran sunaye.