Yadda Duniya Ta San Muryar Lawwali

Ranar Talata ce. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi.

Wani mutum ne a Kura, Lawwali sunansa, gyaran injin ban-ruwa yake yi. Gyaran ba laifi. Bakin ne matsala. In ya ɗaure noti ɗaya sai ya ce da shawararsa aka ƙera injin.

Ana nan sai waƙa ta shiga kansa. Ya je Kano, ya shiga situdiyo, ya rera wata ta yabon shinkafa. Murya kuwa kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Ba wanda ya saurara sai matarsa, ita ma don ba ta da wurin gudu.

Sai ya ji labarin masu tallar waƙa a intanet. Ka tura musu waƙarka, su cusa ta cikin jerin da mutane ke kunnawa a waya. Ya tura. Suka tambaye shi inda waƙar ta fi dacewa, gidan biki, ko mota, ko gona. Ya ce ai ta manoma ce, ya danna gona. Suka nuna masa jeri iri-iri da Turanci. Bai tsaya neman mai karanta masa ba, ya zaɓi wanda ya fi yawan masu saurare.

Abu kamar wasa, waƙa ta kama. Ana kunna ta a Indiya, a Tailan, har Italiya, kuma tun safe har yamma. Lawwali ya sayi baƙin tabarau. Ya daina amsa sallama da wuri.

To, ƙungiyar manoman shinkafa tana da bikin girbi duk shekara, kuma Baba Mati mai kukuma ne ke wasa tun ba a haifi Lawwali ba. Lawwali ya ce bana shi zai yi. Ranar Talatar nan aka zauna a gindin durumi, bakin hanyar ruwa, don a yanke magana. Ƙetaren ruwan gonar shugaban ƙungiya ce, Alhaji Tsalha. Shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sun sauka a kai suna ta ɓarna, an kora an gaji.

Lawwali ya dire lasifika a tsakiyar taro.

"Ranka ya daɗe, zamani ya wuce kukuma. Ni yanzu Turawa ba sa karya kumallo sai da muryata."

Baba Mati ya ce, "Allah ya ba su lafiya."

"Baba, kai wa ya san ka bayan gadar Tamburawa?"

Alhaji Tsalha ya ce, "Surutu ya isa. Kunna mu ji."

"Daga farkon jerin zan kunna, ku ji irin manyan da aka haɗa ni da su."

Shi kansa bai taɓa jin manyan ba. Tasa kaɗai yake kunnawa.

Ya danna. Sai haushin kare, hau, hau, hau.

Alhaji ya ce, "Wannan wane mawaƙi ne?"

"Salonsu ne, ranka ya daɗe. Share fage yake."

Na biyu ya shigo. Tau, tau, harbin bindiga. Wani dattijo ya faɗo daga kan benci. Na uku kukan shaho. Na huɗu kwaram, kwaram, kwaram.

Baba Mati ya karkata kunne. "A'a, wannan abokin sana'ata ne. Gwangwanin korar tsuntsu ne. Shi na fara kaɗawa kafin kukuma."

Alhaji ya karɓi wayar ya duba hoton da ke kan jerin. Tsuntsu ne, an ja masa jan layi a gicciye. Ya kalli Lawwali. Gumi ya fara bin ƙarƙashin tabarau.

"Ku dai jira tawa," in ji Lawwali.

Duk wannan abin da ake yi, jan-baki ko a jikinsu. Kare ya yi haushi, suna ci. An yi harbi, suna ci. Shaho ya yi kuka, ko ɗaga kai ba su yi ba.

Sai muryar Lawwali ta fito. "Shinkafaaa..."

Firrr. Gona ta tashi gaba ɗaya. Sama ta yi baƙi. Har na kan durumin suka bi su, wasu suna karo da juna. Wani jaki da ke ɗaure ya tsinke igiya ya yi gabas.

Alhaji Tsalha ya daɗe yana kallon gonarsa. Sannan ya miƙe ya kama hannun Lawwali da hannu biyu.

"Lawwali, na yarda. Duniya ta san ka, kuma ba a banza ba."

Lawwali ya gyara tabarau, ya fara murmushi.

"Biki na Mati ne. Kai kuma gobe da sassafe ina jiranka a gona."

Wani ya ce jibi tasa. Wani ya ce shi ya riga, gonarsa ta fi kusa. Har aka so a yi faɗa.

Baba Mati ya saɓa kukumarsa. "Ɗana, ka je da bakinka. Waya caji yana ƙare mata."

Duk injinan da Lawwali ke gyarawa na mutanen nan ne. Ba halin musu.

Washegari da sassafe ya sa tabarau, ya ɗaure lasifika a bayan babur. Matarsa ta ce ina zuwa. Ya ce an gayyace shi wasa, kuma taron ba ƙarami ba ne.