Rasuwar Gajere, Marubucin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Gazawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa wanda har yanzu yake naɗe da tsumma saboda ƙuna, Munir Sabo, mai gyaran kwamfuta da waya a bakin tashar Gazawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da duk masu hulɗa da shi, daga Cadawa har Gidan Rumji, rasuwar abokin aikinsa kuma rufin asirin shagonsa, wanda aka fi sani da Gajere. Ya cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a kan teburin aiki, yana da shekara ɗaya da wata bakwai a hannun mai shi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan allo ne kore, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Yana da kai wanda ake sokawa a jikin kwamfuta, da ɗan gado mai hannu a bayansa inda ake kwantar da marasa lafiya. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafa takwas, masu sana'a suna ce mata biyos. Ita ke tashin kwamfuta daga barci, ita ke tuna mata sunanta. In abin da ke rubuce a cikinta ya dagule, kwamfuta sai ta zama gawa da ido buɗe: fanka na juyawa, fuska baƙa ƙirin. Aikin Gajere ke nan. Ya karanta ƙwayar, ya wanke ta, ya sake rubuta mata hankalinta.

An haife shi a ƙasar Sin, ba a san ranar ba. Munir ya same shi ne a wata rumfa a Kano, bayan ya yi shekaru yana mayar da masu irin wannan ciwo gida da haƙuri. Mai rumfar, wani dattijo da ake kira Alhaji Baƙo, ya ajiye masa na'ura biyu a gabansa. Ɗaya babba ce cikin akwatinta, mai sanin ƙwayoyi dubbai, kuɗinta ya kai na ɗan bijimi. Ɗayan kuwa a leda yake, ko takarda ba shi da ita. Munir ya daɗe yana shafa akwatin nan. Alhajin ya tambaye shi irin kwamfutocin da ake kawo masa.

"Na lakol da na buro ne, Alhaji, wato makarantu da ofisoshi, sai 'yan na hannu da ma'aikatan furoje na agaji ka saidawa in sun gama."

"To ƙwayoyin nan ba su fi iri uku ba. Ɗauki ƙaramin, abin da ya rage ka sayi adafta, mazaunan ƙwayoyin, don su ne aikin. Amma ka ji ni da kyau. Ka riƙa cire ƙwayar daga allon kwamfutar kafin ka ba shi. In ka maƙala masa ita tana jikin kwamfuta, allon gaba ɗaya zai taso yana shan wutarsa, shi kuwa ba shi da ƙirjin ɗauka."

Haka Gajere ya ƙetaro iyaka a aljihun gaban riga, tare da iyalinsa, adafta uku.

Marigayin ya yi rayuwa ta ƙanƙan da kai. Bai taɓa neman batir ba, bai taɓa neman mai ba. Gidansa gwangwanin shayi ne. Ba mai yawan magana ba ne: in an soka shi, tsohuwar kwamfutar shagon ta ce "tilin", in an danne hannun gadonsa ya ce "ƙwas", daga nan sai 'yar jar fitilarsa ta yi ta ƙifce har ya gama. Ba ya gaggawa, wannan kam kowa ya shaida, kuma ba ya ha'inci, domin duk abin da ya rubuta sai ya koma ya karanta shi daga farko. Ya tashi kwamfutar wani likitan dabbobi a Sae Sabuwa wadda aka riga aka ba yara suna wasa da ita. Ya taɓa tafiya Gidan Rumji a kan moto, wato babur, ya kwafo hankalin wata lafiyayyar kwamfutar hannu don ajiya, ko wata rana 'yar'uwarta za ta buƙata. Bai san siyasa ba. A wannan lokaci na riƙon ƙwarya, da soja suka ce za su mayar da mulki kowa ya fito neman kujera, ya yi wa masu kowace irin tuta aiki, bai tambayi kowa katinsa ba.

Ciwon ajalinsa ya zo ne a cikin mayafi. Ranar Talatar, ana idar da azahar, Hajiya Batulu mai awon gyaɗa ta shigo shagon rungume da kwamfutar hannu. Ita ce kan gaba a jerin 'yan takarar konseye, wato kansila, da ƙungiyarsu ta tsayar, manoma da mata masu sana'a daga ƙauyuka goma sha ɗaya. Bayanta ƙaninta ne, Malam Rabilu, malamin lakol, wanda ya kwashe kwana goma yana buga sunayensu da ranakun haihuwarsu da hotunansu a cikin kwamfutar. Takardun asali sun koma ƙauyuka wurin masu su. A ranar ne kuma, ƙarfe biyar na yamma, buron da ke karɓar takardu a Agiye zai rufe, ba kuma za a sake buɗewa ba.

Malam Rabilu bai iya ɗaga kai ba. Da safe ya ga kwamfutar tana nauyi, wani abokinsa ya ba shi abin da zai sabunta ta, tana tsakiyar sabuntawa man injin wuta ya ƙare, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa.

"Munir, ɗana," in ji Hajiya, "ni ban san mi ka cikin abin ga ba. Na dai san mutane sun ba ni amanar sunansu. Tana tashi ko ba ta tashi?"

Munir ya kwance bayan kwamfutar. Ya fara duba faifan da ke riƙe da takardun, ko zai cire shi ya karanta a tasa kwamfutar, amma bakinsa na zamani ne, tasa tsohuwa ce, wayar da za ta haɗa su kuwa sai Maraɗi. Ya duba sunan kwamfutar: irin ta Gidan Rumji ce, hankalinta yana ajiye a wurinsa. Sai ya gano ƙwayar. Tana maƙure a wani lungu, ƙananan kaya kamar tsabar gero kewaye da ita. Na'urarsa ta hura zafi, wadda yake ɗaga ƙwaya da ita, ta lalace tun watan jiya. In ya sa ƙarfen dalma ya ɗaga ƙafa takwas ɗaya bayan ɗaya, awa guda ce, kuma in hanya ɗaya ta allon ta ɓalle, shi ke nan.

Ya buɗe gwangwanin. Ya ɗauko Gajere, ya ɗauko wani ɗan awartaki mai haƙora takwas wanda ake cizon ƙwaya da shi tana jikin allo. Maganar Alhaji Baƙo tana kunnensa, bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya yi bisimilla ya maƙala.

Karo na farko ba a ga ƙwayar ba. Na biyu ma haka. Haƙoran awartakin sun ɗan ci, sai da ya danne shi da hannun hagu sannan sunan ƙwayar ya fito. Ramin da ake soka Gajere shi ma ya saki, don haka ya tokare shi da babban yatsan dama. Hannu biyu duk sun kamu. Malam Rabilu ne ya danna inda aka nuna masa, aka wanke ƙwayar tas, aka fara rubutu.

"Malam, ka riƙa karanto mini lambar. Ba ni iya juyawa."

"Goma sha biyu cikin ɗari."

A wajen ashirin Munir ya fara jin ɗumi a yatsansa. Ya san ɗumin Gajere na kullum, wannan ba shi ba ne. A talatin da biyar ɗumin ya zama zafi. A hamsin wani wari ya taso, irin na roba a kusa da murhu, har Hajiya ta duba gefen mayafinta.

"Mi ka ƙuna?"

"Abokin aikina ne, Hajiya."

"To ka cire shi mana shi huta."

"In na cire shi yanzu, rabin hankali gare ta. Kuma ban san ko zai sake tashi ba in ya kwanta."

Sai ta ɗauki wani kwali a ƙasa ta durƙusa tana yi masa fifita, mace mai jikoki, gwiwa a kan siminti. A waje direban da suka yi shata ya leƙo ya nuna agogonsa, ba wanda ya kula shi. Jar fitilar da ta saba ƙifce da ƙarfi ta koma kamar garwashin da toka ta rufe. Malam Rabilu yana karantowa. Saba'in da ɗaya. Saba'in da ɗaya. Ya faɗe ta sau uku, domin lambar ta tsaya. Munir ya ji zufa tana bin haƙarƙarinsa. Hannun hagunsa ya fara gajiya, ya san kuwa in awartakin ya gusa ko da kaurin gashi ne, an koma farko, kuma babu wanda zai yi farkon. Ya cije leɓe, ya ƙara danna yatsan a kan zafin.

"Saba'in da biyu," in ji Malam Rabilu.

Daga nan ta tafi a hankali, ba ta sake tsayawa ba. Da ta cika ɗari, marigayin, bisa al'adarsa, ya juya zai karanta abin da ya rubuta. A nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce "tas", ƙara ɗaya siririya wadda ba a taɓa jin ya yi ba, wani ɗan hayaƙi ya fita ta ƙarƙashin yatsan Munir, fitilar ta mutu.

Ba wanda ya san ko rubutun ya zauna, tunda mai shaidar ya tafi. Munir ya saki awartakin, ya mayar da bayan kwamfutar da yatsu tara, ya haɗa wuta, ya danna. Fanka ta juya. Fuska baƙa. Hajiya ta runtse ido. Munir ya kai ƙidaya bakwai a zuci kafin haske ya bazu, rubutu ya fito.

An buga takardun a shagon maƙwabci. Motar ta bar tasha ana kiran la'asar. Malam Rabilu ya bugo waya daga Agiye cewa an karɓa an buga hatimi, saura mutum biyu a bayansu aka ja ƙofa. Ko za su ci zaɓe, wannan na masu ƙuri'a ne.

Marigayin ya rasu ya bar awartaki ɗaya, wanda shi ma jikinsa ba daɗi; da adafta uku, ta siririyar ƙwaya da ta mai faɗi da wata da ba a taɓa samun mai buƙatarta ba; da faifan da ke ɗauke da harshensa, wanda kwamfuta ke fahimtarsa da shi; da hankalin kwamfutoci goma sha tara da ya kwafa ya bari a ajiye. Ba su da mai kula da su yanzu. An ba Dikko direba saƙo zuwa rumfar Alhaji Baƙo, a aiko da magaji irinsa, ƙarami, ba mai akwati ba, a haɗo da na'urar hura zafi.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a ƙofar shagon ranar Alhamis da hantsi. Hajiya Batulu ta ɗauki nauyin shayi da ƙuli-ƙuli. Ba za a yi masa wanka ba, domin bai taɓa shiri da ruwa ba. Bayan an watse, Munir da kansa zai cire ɗan gadon da ke bayansa don amfanin na baya, sauran kuma a naɗe a farin ƙyalle a sa a saman kanta, inda yara ba sa kaiwa. Masu kwamfutocin da suka suma su yi haƙuri su bar su gida sai magaji ya iso.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi mai shagon dalilin da ya sa bai zare shi ba tun yana da sauran rai. Ya tambayi kansa tun ranar Talata, kuma duk sanda ya tambaya, yana samun yatsansa a inda ya bar shi, danne a kan Gajere.