Kokowar da Na Kalla a Ordinatar Ɗin Madam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ordinatar ɗin matata ya tona mini asiri ba, a cikin gidana, a gaban surukata.

Ni aikina lodi ne a tashar kamiyoyi, manyan motocin kaya, nan Gaya. Karatuna bai wuce in rubuta sunana ba. Matata Hajara kuwa malamar lakol ce, makarantar boko, kowa Madam yake ce mata, har ni in ina neman wani abu. Tana da ordinatar, wato kwamfuta, da take buga tambayoyin kompozisiyo, jarrabawar ajinta, a ciki, kuma doka ɗaya ta kafa mini: kar in taɓa. Ban yi gardama ba, don ban ga abin da zan yi da shi ba.

Sai wani direba daga Malanbil ya ba ni kile, wannan ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a gefen ordinatar. Ya ce kokowa ce cike a ciki, manyan karawa na shekarun baya. Ni kuwa in dai kokowa ce, hankalina ba ya zama. Ranar Asabar Hajara ta tafi suna Tanda, na turo ƙofa, na tuɓe riga saboda zafi, na soka kile kamar yadda nake ganin tana yi. Na sha kallo, ba ƙarya.

Da na cire kilen ne na ga abu ya canza. Ƴan akwatunan nan masu ruwan ɗorawa da take ajiye aikinta a ciki duk sun yi wata ƴar kibiya a gindi. In na danna, wani baƙin allo ya ƙifta ya ɓace, shi ke nan. Ranar Litinin kuma za ta kai wa direktan lakol tambayoyin.

Na yi abin da na iya. Na kashe na kunna. Na danna duk maɓallin da yatsana ya faɗa a kai. Na yi masa fifita, na ɗan mammare shi a gefe (rediyona haka nake gyara shi, kuma yana ji). Da komai ya ƙi, na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa masa, na mayar da shi cikin jaka, na koma tasha kamar ban san kowa ba.

Washegari Hajara ta buɗe, sai na ji salati.

"Baban Aisha, wa ya taɓa mini ordinatar?"

"Ni ina na sani? Ko dai wannan abokiyar aikin taki ce da ke zuwa da kilenta kullum? Na daɗe ina faɗa miki."

Ban taɓa faɗa mata ba. Amma ta yarda, har ta ɗauki waya za ta kira baiwar Allah ta wanke ta. Na ce ta bari tukuna a gyara. Ta kira ƙanwarta Rabi, mai aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Rabi ta zo da la'asar, kuma don ƙaddara ta taho da mahaifiyarsu, wai ta zo ganin jikoki.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Rabi ta duba ta ce birus ne, irin wanda ke bin kile. Ba ya cinye aiki, ɓoye shi yake yi ya bar hotonsa. Ta kashe intanet, ta sa maganin birus ya bi ko'ina, ya kamo abin da zai kamo ta goge. Sannan ta rubuta wasu ƴan kalmomi a baƙin allo, sai ga akwatunan Madam sun dawo, ba kibiya. Hajara ta buɗe tambayoyinta ta gan su daidai. Ni na fi kowa cewa alhamdulillahi.

"Yaya, ka tabbata ba ka soka komai ba?" in ji Rabi, tana yi mini wani kallo.

"Ke Rabi, ki kiyaye ni. Na yi miki kama da mai wasa da kayan mata?"

"To bari mu ga wannan bidiyon. Jiya aka ɗauke shi."

Ashe cikin danne-dannena na kunna kamarar ordinatar ɗin ban sani ba. Sai ga ni na cika allo: ba riga, tumbi a gaba, gumi na zuba. Ga ni ina fifita. Ga mari, hoton har girgiza yake. Ga ni na matso da baki ina tofi, yawu ya rufe rabin allon. Sannan muryata, tar, kamar a lasifikar masallaci: "Ya Allah ka rufa mini asiri, kar Hajara ta gane ni ne. Wallahi na bar kokowa."

Rabi ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Hajara ba ta yi dariya ba, ta dai ajiye wayarta a hankali, ta ce, "Da yanzu na zagi matar mutane." Surukata, wadda ko hula ban taɓa cirewa a gabanta ba, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Malam, addu'ar dai ta yi kyau. Rigar ce babu."

Na ce ana jirana a tasha. Ranar Lahadi ce, ba mai jirana.

Rabi ta rantse ta goge bidiyon. Ban yarda ba, don har yau in na yi mata faɗa sai ta cika kumatu ta hura iska, ni kuma in yi shiru.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kilen da ba ka san inda ya kwana ba, kar ka soka shi a kayan mutane. In kuma ka riga ka soka, faɗi da bakinka tun kana sanye da riga.