Ranar da Na Ɗaure Maraƙin Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tara jama'a a wata ruga kusa da Wara ba, don su zo su kalli ƙwarya babu komai a cikinta.

Lokacin yankinmu yana cikin jihar Sakkwato, ni kuma sabon malamin dabbobi ne a Yelwa, ban ma cika shekara da gama makaranta ba (amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni na ƙirƙiro saniya). Aka aiko mana da busasshiyar ciyawar sha'ir daga wata gonar gwaji, aka ce a gwada a gani ko za ta ƙara wa shanu nono da rani. In ta yi, za a riƙa kawo wa makiyayan bakin tafki duk shekara. In ba ta yi ba, shi ke nan.

Da ƙyar wata tsohuwa, Inna Hajo, ta yarda a gwada da saniyarta. Mako uku ina bin hanyar rugar da dammunan sha'ir a bayan babur. Saniyar ta ci, ta yi sheƙi, nono ya ƙaru, ni shaida ne.

Ranar da babban jami'inmu zai zo daga Sakkwato ya gani da idonsa, sai ilimi ya motsa mini. Na ce a kai maraƙin can bayan wata tsamiya a ɗaure, kada ya sha ko ɗigo ya ɓata mana awo. Haka littafinmu ya ce (littafin kuwa kan shanun Turai yake magana, waɗanda ba ruwansu da 'ya'yansu). Inna Hajo ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba ta sakin nono sai ɗanta ya taɓa hantsa." Na yi mata dariya irin ta masu takarda.

Ta durƙusa, ta ja, ta sake ja. Saniya ta riƙe nononta tana ta kuka wajen tsamiya. Abin da ya zuba ko shayi ba zai yi wa fari ba. Wallahi da makiyayan sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Jami'in ya leƙa ƙwaryar, ya rubuta layi ɗaya, ya shiga mota.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba aka kwance maraƙin. Ya tunkuyi hantsa sau biyu, Inna Hajo ta cika ƙwarya har da kumfa, ta miƙo mini ta ce in sha. Na mayar mata ban sha ba, don baƙin ciki.

Ba a sake aiko da sha'ir ba. Ranin nan shanu suka rame, kuma na san hannuna yana ciki. Tun daga ranar, in tsohuwa ta buɗe baki a ruga, rufe littafina nake yi in zauna a kansa.