Ranar da Na Sa Aka Ja Mini Ƙafa a Magaza

Ba zan taɓa mantawa da ɓarnar da na yi wa ƙuguna da kaina ba. Ƙafar dama ta hana ni hawa kamiyo, babbar motar kaya, likita a Yamai ya sa mini ranar aiki, saura sati shida tattasai ya fara fitowa daga gonakin bakin kogin Komadugu. In ban miƙe kafin nan ba, wasu diloli masu sayen tattasai irina su kwashe.

Likitan ya ce ba zai tsaga ni ba, ƙananan huji zai yi ya zura kamara. Sai dai gaɓar ƙugu a matse take. Dole a sa ni barci, a ɗaure ƙafar a inji, a ja ta sannu a hankali yana duban hoton radiyo mai nuna ƙashi, har ta buɗe kamar faɗin yatsa. In ba haka ba, ƙarfe ya kankare guringuntsi.

Ni kuwa (shekara ashirin ban taɓa kai wa mutum kaya ban gyara ba) na ce me zai hana in sassauta masa ita tun daga garinmu Diffa?

Na kwanta a magazana, inda nake ajiye kaya. Aka ɗaura igiya a idon sawuna, aka ratsa ta kan ƙarfen sikeli, aka rataya buhun garin tattasai. Malam Bukar, shugaban 'yan dakona, ya riƙe ni ta hammata.

"Alhaji, likitan ne ya ce a yi haka?"

"Kusan haka ya ce. Ku ƙara buhu!"

Suka ƙara. Na ƙwalla ihun da ban san ina da shi ba, Bukar ya firgita ya sake ni. Na sulale har gindin sikeli, ƙafa a sama, riga ta rufe mini fuska, buhu ya fashe. Muna cikin atishawa sai na ji sallamar Hajiya Falmata, dilar da muke takara da ita.

"Sannu Alhaji. Kai ma na sayarwa ne? Kilo nawa ka yi?"

A Yamai likita ya dubi kumburin ya ce, "Wa ya yi maka wannan?"

"Sikeli."

Ya cire tabarau, ya ɗaga aikin wata guda.

Da lokaci ya yi, injinsa ya buɗe gaɓar ban ko sani ba. Yanzu in mai sana'a ya ce in kwanta, kwanciya kawai nake yi. Ƙafa ta dawo. Buhu ɗaya ya tafi, tattasan Geskeru, can bakin Komadugu, na bana kuma duk Hajiya Falmata ta saye.